Yadda kwale-kwale ya shigar da ni cikin mutanen Oxford

Daga Kano mota na bi zuwa Abuja, daga nan jirgi zuwa Landan, awa shida da ɗan wani abu a sama. A filin jirgin Heathrow akwai bas da ke kai mutum har cikin Oxford, tafiyar wajen awa ɗaya da rabi, ko'ina ka duba kore shar, tumaki a fili suna kiwo ba makiyayi ba kowa. Ƙarshen Satumba ne, su a wajensu wai sanyi bai ma fara ba, ni kuwa ina sauka a tashar Gloucester Green sai da na zuge jaket har wuya.

Jami'ar ba ta da get ba ta da katanga, garin ne gaba ɗaya jami'ar. Kwalejoji ne sama da 30 a warwatse cikin unguwanni, kowacce da masu gadinta da ɗakin cin abincinta da laburarenta da tutarta, sashen da kake karatu daban, kwalejin da kake kwana kake ci daban. Tun wajen 1096 ake koyarwa a garin, kuma wallahi kana gani a jikin duwatsun, matakalar da nake hawa zuwa ɗakina tsakiyarta ta lotsa saboda sawun mutane. A makon farko aka sa mu muka saka baƙar kwat da farar riga da baƙar alkyabbar ɗalibai, muka yi jerin gwano zuwa Sheldonian, ginin da aka gama a 1669, aka karanta mana jimla biyu-uku da Latin, shikenan wai mun zama 'yan jami'a. A laburaren Bodleian kuma sai ka yi alƙawarin ba za ka kunna wuta a ciki ba kafin ka fara karatu a wurin. Duk wannan ya burge ni, na yi hotuna na tura gida, Umma ta ce "Allah ya sa albarka, ka dai kula da sallah."

To amma hoto daban zama daban. Zangon karatu a nan sati takwas ne kacal, gudu ake yi ba tafiya ba, kuma ɗan mastas ba shi da wani aji mai yawa, takardu ne za a jibga maka a ce je ka karanta mu haɗu sati mai zuwa. Zuwa Nuwamba rana ta fara faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, ka yi la'asar ka ɗan juya sai magariba. Sai na ga kullum daga ɗaki sai laburare, daga laburare sai ɗaki, akwai ranar da in ban da mai shagon da na sayi burodi ban yi magana da ɗan adam ba. Ba wai mutanen ba su da kirki ba, suna da shi, kowa zai yi maka murmushi ya riƙe maka ƙofa, matsalar ita ce yawancin zumuncin nasu a mashaya ake ƙulla shi. An tashi daga samina, wato zaman tattauna karatu, sai a ce mu je mu ɗan sha, ni kuma in na bi su na karɓi lemo na zauna, hirar tana daɗi a farko, can in dare ya fara yi sai ka ga kai kaɗai ne a duniyarka.

Wata Bajamushiya da muke kicin ɗaya ce ta ce min ƙungiyar kwale-kwale ta kwalejinmu na neman sababbi, ba sai ka taɓa yi ba, kuma ga ka da tsawo. Na ce mata zan gwada. Kafin su bar ka ka hau ruwa sai ka ci jarrabawar iyo a wurin wasanni na Iffley Road, da kaya a jikinka za ka yi, Allah ya taimake ni na iya ruwa tun ina yaro. A wannan filin ne Roger Bannister ya yi gudun mil ɗaya a ƙasa da minti huɗu ranar 6 ga Mayu 1954, mutum na farko da ya yi haka, kuma a lokacin ɗalibin likitanci ne. Na tsaya na daɗe ina kallon filin, ɗan fili ne ba wani girma ba.

Tirenin da asuba ake yi. In na yi sallah sai in hau keke da fitila in gangara, in bi ta gefen makiyayar Christ Church inda suke da shanu masu dogon ƙaho, har bakin kogi. Thames ne dai wanda ya ratsa Landan amma a nan Isis suke ce masa. Kwale-kwalen siriri ne dogo, mu takwas muke ɗaga shi a kafaɗa mu kai ruwa, kowa da filafilinsa guda ɗaya, huɗu ta wannan gefe huɗu ta wancan, kujerar kuma tana zamewa gaba da baya don ƙarfin ba a hannu yake ba, a cinya yake. Baya kake ba wa inda za ka, ba ka ganin gabanka, mutum ɗaya ne ke gani, wanda suke kira koks, yana zaune a ƙarshen jirgin da igiyar juya akala da makirufo. Tamu wata 'yar ƙaramar yarinya ce 'yar Indiya mai karatun lissafi, a waje ko muryarta ba ka ji, amma in ta zauna a wurin nan ƙatti takwas sai abin da ta ce.

Abin da ba wanda zai gane sai ya shiga shi ne ƙarfinka kai kaɗai ba ya amfanin komai. Kamar lugude ne a turmi ɗaya, in ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara taɓare su haɗu. Filafili takwas dole su shiga ruwa tare su fita tare, in ka riga na gabanka da ƙiftawar ido jirgin ya karkata kowa ya ji a jikinsa. Makonnin farko haka muke ta tangal-tangal, ruwan sanyi na fantsamo mana, tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe, alwala ma da dabara nake yi. Sai wata safiya, hazo ya rufe kogin, muka wuce gadar Donnington, kawai sai abin ya daidaita, ƙarar filafilan ta zama guda ɗaya, jirgin ya miƙe yana gudu a ƙarƙashinmu kana jin ruwa na ɓulɓula ta ƙasa, koks ta daina magana ma. Bai wuce minti ɗaya ba muka sake rikicewa amma da muka fito kowa bakinsa har kunne, wani Bature da ke bayana wanda bai taɓa ce min komai ba sai gaisuwa ya rungume ni da jiƙaƙƙiyar rigarsa.

Daga nan komai ya canza min. Bayan tirenin tare muke zuwa karin kumallo, tare muke zama a laburare, in ban zo ba sai waya ta yi ƙara ana tambaya lafiya. Suna da nasu shagalin na dare da ake shan giya sosai, na faɗa musu tun farko ni ba na zuwa wannan, ba wanda ya ɓata rai, sai ma kyaftin ɗin ya fara haɗa cin abinci a Cowley Road inda gidajen abincin halal suke birjik, na Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan. A unguwar ne ma babban masallacin yake a Manzil Way, can nake zuwa Juma'a wani lokacin, wani dattijo ɗan Sudan da ya ji ina waya da Hausa ya kamo hannuna ya ce "ɗana, daga ina?" Ashe kakanninsa daga ƙasar Hausa suka tashi za su Makka a ƙafa suka zauna a can. Hausarsa ta tsufa ta gauraya da Larabci amma mun fahimci juna tsaf, matarsa har abinci ta aiko min.

Akwai kuma cin abincin dare na alfarma a kwaleji, a saka alkyabba, dogayen tebura da kyandir, malamai su shigo a miƙe musu, a buga guduma a yi addu'a da Latin. Ina yin rajistar kifi ko na ganye tun da wuri. Yana da kyau a gani, kuma a nan ne za ka tsinci kanka kusa da mai binciken taurari ko mai nazarin sauro, amma gaskiya ni ban taɓa yin aboki a wurin ba, hira ce ta dare ɗaya.

Da hunturu ruwa ya yi yawa kogin ya cika ya tumbatsa, aka sa alamar ja ba mai hawa, sai muka koma kan injin tuƙi a cikin ɗaki, mita 2000 a kan injin nan azaba ce tsantsa. Da azumi ya zo koci da kansa ya tambaye ni yadda za a yi, aka rage min na safe na koma yin nawa bayan shan ruwa, biyu daga cikin 'yan jirginmu ma suka biyo ni buɗa bakin ƙungiyar ɗalibai Musulmi suka zauna a ƙasa suka ci dabino.

Babbar gasar ita ce Summer Eights a zangon ƙarshe, tun 1815 ake yinta, kwana huɗu daga Laraba zuwa Asabar. Kogin ya yi ƙanƙanta a jera jirage kafaɗa da kafaɗa, don haka a layi ake jera su ɗaya bayan ɗaya kusa da Iffley, a harba igwa, kowa ya bi na gabansa da nufin ya taɓa shi kafin na baya ya taɓa shi, in ka taɓa gobe ku yi musayar wuri. Mu a rukunin ƙasa muke can, ba wanda ya san da mu, amma da igwar nan ta tashi zuciyata kamar ta fito. Tun da baya nake kallo, jirgin da ke bin mu kawai nake gani yana matsowa, koks na ihu saura kaɗan saura kaɗan, sai ji na yi ƙum a gaba, mun taɓa su! Washegari mu aka taɓa, ranar Asabar kuma muka ƙare a inda muka fara, bakin kogi maƙil da jama'a ana ta kiran sunan kwaleji.

Da yamma aka yi gashi a gaban ɗakin ajiye jirage, ni na karɓi aikin naman, na sayo na halal a Cowley Road na yanka shi sirara na bi shi da yajin ƙuli da Umma ta daka min. Suna hawaye suna ƙarawa, ko yanka ɗaya bai rage ba, yajin ma ya ƙare tas. Saura rubutun kundi da zan miƙa kafin in tattara, kuma kyaftin ya riga ya sa sunana cikin masu koya wa sababbi riƙon filafili a Oktoba in Allah ya sa na samu gurbin digiri na uku.