Gasar sabbin dabaru a 'yar maɗaba'armu

Ina da 'yar ƙaramar maɗaba'a, mu 14 ne har da ni. Karo na farko da na shirya gasar sabbin dabaru tsakanin ma'aikata, akwati na ajiye a bakin ƙofa, na ce kowa ya jefa duk shawarar da yake ganin za ta ciyar da mu gaba. Takardu sun taru, amma aiki ya sha kaina, na yi wata biyu ban buɗe ba. Laifina ne, kuma har yau abin yana cin raina, don tun daga nan bakin kowa ya mutu.

Da na tashi sake ta, tambaya ɗaya tak na yi: yaya za mu rage takardar da ke lalacewa kafin inji ya daidaita launi? Duk mai aikin ɗab'i ya san wannan asara, kullum a idonsa take. Na ba da mako 3, na ware musu awa 2 a kowane mako daga cikin lokacin aiki, ba na hutunsu ba. Wannan daga kamfanin 3M na Amurka na koya, wanda tun 1948 yake barin masu bincikensa su yi amfani da kashi 15 cikin 100 na lokacinsu kan dabarun kansu. Ni ba zan iya ba da haka ba, amma ba zan nemi tunanin mutum kyauta ba.

Na haɗa su rukuni-rukuni, a kowanne akwai mai inji, da mai zane a kwamfuta, da mai yanka. Yadda za a yi hukunci kuwa a rubuce yake tun ranar farko: dabarar ta rage asara, kuma a iya gwada ta da kayan da muke da su. Na kuma cire kaina daga cikin alƙalai. Idan maigida na zaune, abin da yake son ji ake faɗa.

Rukunin da ya yi nasara ɗan koyo ne ya kawo musu dabarar, yaron da da ƙyar kake jin muryarsa. Ya ce a riƙa jera ayyuka masu launi ɗaya da takarda iri ɗaya a bi su a jere, gwajin farko kuma a yi shi a bayan takardun da suka riga suka lalace. Ya daɗe yana ganin haka, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Washegari muka fara gwaji, aka kafa sunansa a allo. Sauran shawarwarin kuma na zauna na amsa su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba za mu ɗauka ba, tare da dalili. Kwana uku na yi ina rubutun. Tambayar gasa ta gaba ma'aikatan ne da kansu suka zaɓa, kan jinkirin kai aiki ga masu shi.