Ga ƙannenmu ɗalibai masu shirin rubutu a tabilet

Wannan shawara ce ga ƙannenmu da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Kwalejin Hassan Usman Katsina, ko Foliteknik ta Tarayya da ke Daura, waɗanda suka gaji da tarin littattafai suna son komawa rubutu a tabilet. Mun riga ku shiga, kuma akwai ramukan da ba sai kun faɗa ba.

Ramin farko yana wajen saye. Mutum ya sayi tabilet tukuna, daga baya ya fara neman biron da zai hau kanta, sai ya tarar babu. Ku fara da biron. Wanda ake sayarwa da arha mai bakin roba, yatsa ne kawai aka yi wa siffar biro: da zarar kun ɗora tafin hannu a gilashi sai shafin ya cika da zane-zane, dole ku ɗage hannu sama, kafin rabin lakca wuyan hannu ya gaji. Biron kirki shi ne wanda tabilet ke rarrabe shi da fata. A ɓangaren Samsung, Galaxy Tab S6 Lite tana zuwa da bironta mai suna S Pen a cikin kwali, kuma ba ya buƙatar caji kafin ya yi rubutu. Amma Tab A8 da A9 ba sa karɓar S Pen, komai daɗin bakin mai shago. Na Apple ya fi rikitarwa. Apple Pencil na farko, na 2015, da na biyu, na 2018, kowanne da irin iPad ɗin da yake hawa, ba a musanya su. Na 2023 mai USB-C kuwa ba ya jin nauyin hannu. Ga mai rubutun lakca wannan ba matsala ba ce, mai zane ne zai ji a jikinsa.

In ta hannu za ku saya, kada ku biya sai kun buɗe farin shafi kun ja layuka daga kusurwa zuwa kusurwa, a hankali. Duk inda layin ya yanke, wurin ya mutu. Ku sa mai ita ya fita daga asusunsa a gabanku, don iPad mai kulle da asusun wani ba ta da amfani sai ado.

Gilashi yana da santsi, shi ya sa rubutun kowa ke lalacewa a makon farko. Ku zaɓi shafi mai layi, ku ƙara girman wurin da kuke rubutu, ku rage kaurin tawada. Akwai leda mai kaushi da ake mannawa don ta ba da jin takarda. Tana gyara rubutu, amma tana cin bakin biro kamar yadda dutse ke cin wuƙa, don haka ku ajiye baki biyu ko uku na canji. Bakin da ya cinye har ƙarfe ko kaifi ya fito zai karce fuskar tabilet ɗin. Lokacin hunturu ƙura ke ƙara ɓarnar. Ku hure ta, sannan ku goge da ƙyalle mai laushi, kada ku murza da gefen riga. Zafi ma abin lura ne. Apple ya ce iPad ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Kada a bar ta a rana ko cikin mota, kada a yi caji tana ƙarƙashin filo. Da yake wuta ba ta da tabbas, ku rage hasken fuska ku kashe intanet a aji.

Babbar asara ba ta biro ba ce, ta rubutun ce. Littafi in ya ɓata kwas guda ya tafi. Tabilet in aka sace ta ko ta faɗi, zango guda ne. Ku kunna ajiyar intanet tun ranar farko, sannan ku duba da idonku daga wata wayar cewa rubutun ya isa, domin sau da yawa data ce ta ƙare ajiyar ta tsaya ba a sani ba. Google Drive na ba da 15GB kyauta, iCloud 5GB kacal. Duk ranar Juma'a ku fitar da rubutun makon a matsayin PDF. Kowace manhaja, Samsung Notes ce ko GoodNotes ko Notability, tana da nata tsarin fayil da wata ba ta buɗewa, PDF kuwa ko'ina yana buɗuwa, har shagon fotokwafi. Kowane kwas da littafinsa, kowane shafi da kwanan wata da take a samansa.

Kada ku dogara da mayar da rubutun hannu zuwa na bugawa in da Hausa kuke rubutu. Ƙ da ɗ da ɓ rikita shi suke yi. Ajami da lissafi kam lafiya lau, tunda a matsayin zane suke zama.

Sai kuma lalacin da na'urar ke koyarwa. Ɗaukar hoton allo ko zuba handawut cikin manhaja a shafe shi da launi biyar yana sa mutum ya ji kamar ya yi karatu. Amfanin rubutun hannu shi ne jinkirinsa: ba za ku iya kamo kowace kalmar malam ba, dole ku tace ku taƙaita. Ku ja layi a hagun shafi, ku bar kamar kashi ɗaya cikin uku. Dama ta lakca ce. Bayan Isha'i ku rubuta tambayoyi a hagu, ku rufe dama ku amsa da ka. Launi biyu sun isa. Ku kashe sanarwar WhatsApp kafin malam ya shigo. Kuma tunda jarrabawar rubutu da biro da takarda ake yin ta, makonni biyu kafin ta ku koma amsa tsoffin tambayoyi a takarda, da agogo a gabanku, don hannu ya sake sabawa.