Abin da kantar banki ta koya min a lokacin canjin kuɗi

Shekara shida na yi ina kashiya a wani banki a Kano, kuma da can na ɗauka yawan aiki ne kawai ke gajiyar da ma'aikaci. Watan Fabrairun 2023 ne ya gyara min tunani.

An sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin kuwa ba su wadata ba. Tun kafin asuba mutane ke kama layi a bakin get. Umarni ya ce kada a ba mutum fiye da naira 20,000 a rana a kan kanta, mu kuwa sau da yawa ko rabin haka ba ma iya bayarwa. Aikin ma raguwa ya yi, don kafin azahar kuɗi sun ƙare. Amma ban taɓa komawa gida a galabaice irin na kwanakin nan ba.

Har yau ina tuna wani dattijo da ya dafa kanta ya ce, "Ɗana, ba roƙo na zo ba, kuɗina ne. Iyalina na asibiti." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi babu." Ba ni da ikon ƙara masa ko kwabo, ban san ranar da za a kawo ba, kuma fuskata kaɗai yake gani. A daren nan barci ya ƙaurace min. An ɗora mana laifin abin da ba ya hannunmu, ga zargin wai muna sayar wa masu POS, ga labarin bankunan da aka farfasa a Ibadan da Benin. Katin aiki ma a aljihu muke ɓoye shi idan mun tashi.

Shirun na sama ya fi komai ci min rai. Manajanmu yakan kulle kansa a ofis, mu ji labari a bakin masu gadi.

Sauƙi ya zo ne daga wata mataimakiyarsa. Ta fara tara mu da safe ta faɗa mana nawa aka kawo, sannan ta fita get da kanta ta sanar da mutane adadin da kuɗin zai isa, sauran su tafi neman abincinsu. Kuɗin bai ƙaru ba, amma zagi ya ragu, ciwon kaina ma ya lafa.

Yanzu da nake kula da kashiyoyi huɗu, duk ranar da sabis ya ɗauke ni nake fita in yi wa layi bayani.