Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Rumbun Gandu

A makon jiya na tsaya a kan kakar 2004, lokacin da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai gama ƙosawa ba, fara kuma ta sauka a arewacinmu. A ƙauyenmu da ke ƙasar Tibiri, kusa da Maradi a Nijar, farar ba ta yi ɓarna sosai ba, amma fari ya isa shi kaɗai, domin damman da muka ɗaure ba su kai rabin na shekarar da ta gabata ba.

Saboda waɗanda suka tashi a birni, bari in bayyana tsarin gidanmu. Baba ne babba, ƙanensa da muke kira Baba Ƙarami yana zaune tare da shi da nasa iyalin, kuma gona babba ɗaya ce, wato gandu, wadda kowa yake yi wa aiki da safe. Kowace mace da kowane saurayi yana da gamana, ɗan yankin da yake nomawa don kansa bayan an tashi daga gandu. Da zarar an gama kaka sai a rufe rumbun gandu, ba a buɗe shi sai damana ta faɗi, domin masu riƙon hauya su samu fura. Rani kuwa a wuyan mata yake: da hatsin gamanarsu, da wake, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suke ciyar da yara, maza kuma su tafi cin rani Katsina ko Kano. Har yau ina ganin ba a ba iyayenmu mata haƙƙinsu idan ana maganar wanda yake ciyar da gidan manomi.

A wannan shekara hatsin Inna ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. Ta fara sayar da jajayen awakinta ɗaya bayan ɗaya, farashin dabba yana faɗuwa, na hatsi yana hawa, har akuyar da a da take sayen tiya masu yawa ta koma sayen abin da bai kai gidan mako guda ba. Abin da ya fi ci mana rai shi ne hatsi bai ɓace ba. Yana nan jibge a kasuwar Maradi, sai dai buhu ya doshi jika talatin ta kuɗin sefa a tsakiyar damanar 2005, talaka kuwa ba shi da ita. Muka koma ga anza, ’ya’yan wani itacen daji masu ɗaci. Ina tuna Inna durƙushe a bayan ɗaki tana tsiyaye ruwan da ta jiƙa ta, ta zuba sabo, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna don ta ji ko ɗacin ya ragu, ta tofar, ta mayar da murfin tukunya. Sai an yi kwanaki ana haka kafin ta ciyu.

Da bazara ta tsananta, ƙaramar ɗiyar Baba Ƙarami, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta rame har ba ta iya zama. Wani dare bayan lisha ya sami Baba a zaure ya ce, “Yaya, ga rumbu a rufe, ga yara suna kwana da yunwa. Ko dai a buɗe shi, ko kuwa mu jinginar da gonar gabas, akwai ɗan kasuwar da ya yi mini magana.” Baba ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce gonar da aka jinginar cikin yunwa da wuya take komowa, ya lissafa gidajen garinmu da suka rasa gonakinsu ta haka tun yunwar 1984. Muryoyi suka tashi har muka ji daga tsakar gida. Inna ce ta zo bakin zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, “Malam, a ware iri a buɗe saura, kada a jira ruwa yara su rigaya.”

Haka aka yi. Da safe Baba ya shiga rumbun da kansa, ya zaɓi zangarniyoyi masu cikar ƙwaya ya ɗaure su, ya rataye a ɗakinsa inda babu mai taɓawa, sauran kuma aka riƙa fitarwa da awo. Hatsin da aka tanada don noma ya ƙare kafin a gama noman farko, dole Baba da yayyena suka shiga barema a gonakin masu hali, su yini can, su zo tamu gonar da la’asar da ragowar ƙarfinsu. Ciyawa ta ci wani ɓangare na gandu muna gani. Ɗiyar kuwa uwarta ta goya ta zuwa Maradi, inda likitocin agaji suke kula da yaran da yunwa ta kama, kuma Allah ya raya ta. Rabon abinci kyauta bai iso ba sai wajajen watan Agusta, lokacin muna cin tafasa safe da yamma.

Damanar 2005 ta yi kyau, gonar gabas kuma tana hannunmu, a nan na yarda Baba ya yi hangen nesa. Sai dai tun a bakin masussuka masu bashi suka karɓe kaso mai yawa, domin tiyar da aka ci da tsada ana biyanta ne da hatsin kaka mai araha. Abin da aka faɗa a zaure a wancan dare ma bai goge ba. Bayan an gama ɗaurin dammai, Baba Ƙarami ya aika wa dattawan dangi cewa yana so a raba gandu, kowa ya ji da rumbunsa. Yadda aka yi wannan rabo, da abin da ya faɗo a hannunmu, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.