Rosta ta fito

Yau da murnata na tashi wallahi. An kawo wuta tun asuba na goge yunifom har biyu, auta ya shanye kokonsa ba rigima, Baban yara ya sauke ni a bakin get ɗin asibitin da nake aikin jinya takwas saura kwata. Na ce yau dai ranar tawa ce. Ashe.

Ina shiga wod na tarar an taru a jikin allo, rostar wata mai kamawa, wato jadawalin aikinmu, ta fito. Na sa yatsa a layin sunana ina bi, A, A, A, alamar aikin yamma, har na ɗauka layin wata na hau na koma na sake dubawa. Aikin yamma sha uku. Wancan watan sha ɗaya na yi ban ce uffan ba. Na leƙa layin Antinmu ta Gezawa, biyu kacal, sauran duk safe ne sai satin nait ɗinta.

Sai da muka gama handoba, wato karɓar aiki daga masu tashi, na raba magunguna na ga wuri ya lafa sannan na bi Matiron, shugabarmu, ofis. Na gaishe ta na ce Mama ni dai rostar nan ban gane mata ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce "haba 'yata, ke da ko a ƙafa kya je gida." Na ce Mama kusa ne amma ai ni ma ina da yara. Ta cire gilashinta ta ce to in ba wa? Ta shiga lissafo min, wance Ingila ta tafi bara, wance tana jego, wance ta koma karatu, mu tara ne a wod ɗin da da can mu sha biyar ne, cikin taran huɗu daga bayan gari suke zuwa. Aikin yamma tara ake tashi, kafin mai karɓa ta iso a zagaya gado gado a sa hannu a littafin magani tara da rabi ta wuce, kuma a 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita yawo daga goma na dare zuwa shida na safe. "Kina so in tura matar mutane titin Haɗeja ƙarfe goma tana tare mota?" Na yi shiru. Na ce a'a. Na fito raina a ɓace, kuma abin da ya fi ɓata min shi ne ban da amsa.

Don gaskiya ba wanda ya ba ni gidan nan kyauta. Ɗaki biyu ne muke matse a ciki muna biyan hayar da za ta kama mana gida guda da tsakar gida a Rijiyar Zaki ko can Mariri, ni na dage wa Baban yara a kan mu zauna kusa saboda aikina, duk ƙarshen shekara sai ya tuna min. To yanzu kusancin da na saya da kuɗina shi ya zama laifina? Aikin yamma kuwa kun sani, ina fita ɗaya da rabi yara ba su dawo daga boko ba, ina dawowa sun yi barci. Babbar ta kai wata tana roƙona in karɓi haddarta kafin musabaƙar Islamiyyarsu. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, duk da yamma ake yi, dangin miji har sun fara cewa na fi ƙarfin zumunci.

Lokacin azahar na shiga ɗakinmu na tarar da Antin tana cin ɗanwake a leda. Ta ce ƙanwata bismilla. Na ce na ƙoshi, da wata irin murya da ni kaina ban so ba. Ta kalle ni ta ce "na ga rostar, wallahi ban roƙa ba." Daga nan ta fara, ba faɗa ba, kamar mai ba da labarin wata. Tana idar da asuba take fita, ta jira mota ta cika, a sauke ta Yankaba, ta hau adaidaita biyu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cin kusan abin da take ajiyewa na makarantar yara, ta nemi canjin wurin aiki sau biyu shiru. Sai ta nuna min bencin nan na bayan ƙofa, wanda muke ɗora jakunkuna. Ta ce aikin yamma biyun da ta yi wancan watan a nan ta kwana duka, ta shimfiɗa darduma ta yi matashi da jakarta, da safe ta wanke fuska ta kama hanya. Ni duk zamana a wod ɗin nan ban taɓa sani ba. Na tuna ranar da na ga hijabinta a ninke a kan bencin har na yi mitar mutane ba sa kwashe kayansu.

Na sa hannu a ɗanwaken dai. Yaji ya yi yawa.

Sauran ranar ba wani labari. Tsohuwar gado na shida an sallame ta, ta sa mana albarka har da hawaye. Na'urar awon jini ta sake lalacewa. Ruwa ya ɗauke ƙarfe ɗaya.

Da daddare na buɗe gurup ɗinmu na WhatsApp na rubuta doguwar magana, cewa in dai mu na kusa ne za mu riƙa ɗaukar yamma to a rage mana Asabar da Lahadi, ko a daina sa mu aiki ranar sallah, a rubuta shi a takarda kowa ya sani ba sai wadda ta iya shiga ofis ta yi kuka ba. Na karanta sau uku na goge, don na san Antin za ta ɗauka da ita nake. Baban yara ya ce ki tura mana, na ce sai gobe. Babbar tana zaune da Alƙur'aninta a bakin gado tana jirana, na ce kawo mu ji, ta ja aya huɗu ta kakare, ni kuma hankalina yana kan bencin can.