Wata na huɗu ina fama da aska biyu

Salam 'yan uwa masu koyon ɗinkin hannu, kwana biyu kun jini shiru ko, wallahi ba ajiye allurar nayi ba, farke ɗinki nake ta yi. Aska biyu nake koyo, adon nan na gaban babbar riga mai siffar wuƙaƙe biyu, aska ɗaya tal sau uku ina farke ta, har ƙyallen ya fara laushi a wajen.

Ga wanda bai san farkon zancen ba, hotocin tsofaffin riguna nake bi, waɗanda ƙanina ya ɗauko min a waya daga aikin David Heathcote, baturen nan da ya koyar a ABU Zariya ya bi masu ɗinkin hannu yana tattara zanensu, shi ne ya haɗa baje kolin kayan fasahar Hausawa a Landan a 1976. Na kai aka buga min su a takarda aka ƙara musu girma. Na zaɓi aska biyu ne don a tunanina tafi aska takwas sauƙi, biyu da takwas ai lissafin a fili yake, ashe ni ce ban san dawan garin ba.

Zanen bai wahalar dani ba. Na ɗora shi da fensir a kan farin yadi mai kauri, askar nan biyu tsininsu na kallon ƙasa a gefen hagu wajen aljihu, tambari kuma a dama, shi ne da'irar nan mai nannaɗewa da ake sake yin irinta a bayan riga. Da can ma ai mai zane daban mai ɗinki daban, malamai ke zanawa da alƙalami da tawada sannan a miƙa wa mai allura, in an gama a kai wa masu bugu. Ni kuwa na haɗa duka a kaina, banda bugun dai, wannan kam bazan iya ba.

Inda aka samu matsala cikon ne. A hoto zaka ga cikin aikin cike da ƙananan huji kamar idanu, reras, kowanne an zagaye shi da zare, gwanin kyau. Amma hoton baya gaya maka ta ina allura ta shiga ta ina ta fito, ko yaya ake tsallakawa daga wannan ido zuwa na kusa dashi ba tare da zare yayi tsalle ba. Duk hotocin da nake dasu fuskar riga aka ɗauka, babu ko ɗaya da aka juya cikinta. Ni kuma sai nake ta yi da ka, ina jan zare da ƙarfi don idon ya buɗe, yadin ya tattare ya zama kamar fatar tsohuwa.

Ranar Juma'a naje gaida Baba Ƙarami, ƙanin kakanmu, na tafi da aikin a jaka don kawai in nuna masa. Ya karɓa, ko kallon fuskar baiyi ba ya juya bayan, yayi shiru, can yace "ke da zaren faɗa kuke yi?" Kunya kamar in nutse. Nace Baba a littafi nake koya, yace to littafin ya nuna miki nan? Ya sa aka buɗe akwati aka ɗauko wata rigar saƙi ta mahaifinsa, aikin tsamiya ne, zaren nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake samu daga tsutsar da ke cin ganyen tsamiya, ba ya sheƙi irin na yanzu amma yana da wani kwarjini. Ya juya min cikinta. Jama'a bayan nan tsaf, babu ƙulli ko ɗaya da zaka gani, bakin zaren duk an cusa shi ƙarƙashin ɗinkin da ya gabata. Na kusa awa ɗaya ina bin sa da yatsa.

Abu biyu ya gyara min. Zarena yayi tsawo, yace kar ya wuce kamu ɗaya, in ya wuce yana murɗewa yana tsufa kafin ya ƙare. Sannan hujin ba da jan zare ake buɗe shi ba, a fara buɗa shi da tsinin abu tukun, sai a zagaye a hankali. Hannunsa na rawa yanzu amma yayi min guda uku ina kallo, nawa talatin basu kama ƙafarsu ba.

Ba wai na raina takardun bane fa, ba don su ba da ban san tsarin zanen ba, shi kansa Baba sai da ya riƙe hoton wata riga yana ta kallo yace rabonsa da ganin irin wannan wuyan tun yana saurayi.

Yanzu dai askar farko ta kai rabi, layi biyu nake yi bayan la'asar kafin haske ya tafi, don da fitila idona ruwa yake. Tambari ban taɓa shi ba tukun. Zaren auduga nake amfani dashi na kasuwa, in akwai wanda ya san inda ake samun tsamiya ta gaske a Zariya ko Kano don Allah ya taimaka min, ko ɗan kaɗan ne, so nake inji yadda take bin allura.