Kafin ka tura lambar QR injin bugu

Ƙannena masu zane a kwamfuta da masu shirin buɗe shagon bugu, akwai wata Hajiya mai turaren wuta da humra da har yau in na tuna aikinta sai jikina ya yi sanyi. Ta kawo mini sitika dubu biyar da za a manna a kwalaben turarenta, ta ce tana so a sa mata abin nan da ake haskawa da waya, don mai saye ya faɗa WhatsApp ɗinta kai tsaye. Na shiga wani shafin intanet da ya ce kyauta yake haɗa lambar QR, na haɗa, na haska ta a fuskar kwamfuta, ta buɗe. Muka buga, ta biya, ta yi godiya ta tafi.

Bayan mako biyu ta kira ni. "Malam, abin nan fa ya daina kai mutane wurina. Wani shafin Turanci yake buɗewa, wai a biya kuɗi." Lokacin kayanta sun riga sun kai Kaduna da Abuja, wasu har Maraɗi. Ashe abin da shafin ya ba ni gwaji ne na kwana 14, ni kuma ban tsaya na karanta ba.

Lambar QR iri biyu ce, kuma rashin sanin wannan shi ya kayar da ni. Akwai wadda adireshinka na intanet yake rubuce a jikinta. Ita wannan ba ta da wa'adi, ba wanda zai iya kashe ta, muddin inda take kaiwa yana nan. Akwai kuma wadda adireshin kamfanin da ya haɗa ta ne a jikinta: wayar mai saye ta fara zuwa wurinsu, su kuma su miƙa ta wurinka. Ranar da suka rufe ƙofa, ko ka daina biya, takardarka ta zama hoto. Ba na kushe ta biyun, tana da amfaninta. Kana iya canja inda take kaiwa ba tare da ka sake bugu ba, kana kuma ganin mutum nawa suka haska. Amma in za ka yi ta, mai kayan ya san akwai kuɗin wata, kuma a buɗe asusun da sunansa da imel ɗinsa, ba naka ba. In yana da shafin intanet na kansa, ya fi kyau lambar ta kai can, makulli na hannunsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin Hajiya bai ma buƙaci wannan duka ba. Adireshin WhatsApp, wato wa.me/, a biyo shi da 234, sai lambar wayarta ba tare da sifirin farko ba, shi ke nan. Da na sa wannan a lamba irin ta farko, da har yau tana aiki. Hanya mafi sauƙi ta gane wadda aka ba ka: haska ta ka karanta adireshin da wayar ta nuna kafin ka taɓa shi. In ba wanda ka rubuta ba ne, to akwai wani a tsakani.

Kuskurena na biyu son ado ne. A 1994 wani injiniya mai suna Masahiro Hara da abokan aikinsa a kamfanin Denso na Japan suka ƙirƙiro wannan lamba don bin sawun kayan mota a masana'anta, inda maiƙo da ƙura ke ɓata takarda. Shi ya sa aka gina ta yadda ko wani sashe ya lalace za ta karantu. Juriyar tata mataki huɗu ce: L tana ɗaukar lalacewar kusan kashi 7 cikin ɗari, M kashi 15, Q kashi 25, H kashi 30. Da na ji haka sai na ɗauka an ba ni izinin yin yadda na ga dama. Wani mai gidan abinci ya kawo takardar jerin abincinsa, na ɗora tambarinsa ƙato a tsakiyar lambar, na mayar da ita ruwan gwal a kan jan bango, na matso da zanen fure har ya taɓa gefenta. Ta yi kyau a ido ƙwarai. Wayar maigidan mai tsada ta karanta, wayoyin yawancin masu zuwa cin abinci suka ƙi.

Juriyar nan an tanade ta ne don abin da zai sami takardar bayan ta bar hannunka: ninki, gumi, miyar da za ta ɗiga, ranar da za ta koɗe tawada. In ka cinye ta da tambari tun a kwamfuta, ba ka bar wa takardar komai ba. Kana son tambari, zaɓi H, ka ƙanƙanta shi, kuma kada ya kusanci manyan murabba'ai ukun nan na kusurwa, don da su kyamara take gane inda lambar ta fuskanta. Launi kuwa, mai duhu a kan mai haske. Baƙi a kan fari ba ya ba da kunya. Fari a kan baƙi wasu wayoyin suna karantawa, wasu ba sa yi, kai kuma ba ka san wayar da ke aljihun mai saye ba. Sannan farin filin da ke kewaye da lambar ba sarari ne da ya yi saura ba, jikinta ne. Ƙa'ida a bar faɗin ƙananan gidajenta huɗu, wato ƙananan murabba'an da suka haɗa ta, ta kowane gefe, ba rubutu, ba zane. Ka tuna da mai yanka takarda ma. In ka kai lambar bakin gaɓa, wuƙarsa za ta ci filin.

Maganar gidaje ta tuna mini da tsawon adireshi. Lamba mafi sauƙi gida 21 ce a tsaye, 21 a kwance, mafi cunkoso kuma 177 a kowane gefe. Yayin da haruffa suke yawa, gidajen na ƙaruwa suna ƙanƙancewa. Na taɓa kwafo dogon adireshin Facebook mai layi uku na cusa a katin kasuwanci, da aka buga sai tawada ta haɗe gidajen kamar an watsa gero. A kati ko sitika kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, kuma da gajeren adireshi. Na abin da za a haska daga nesa, masu sana'ar suna raba nisan gida goma: wanda zai tsaya mita 3 daga allo yana buƙatar lamba mai faɗin santimita 30.

Wannan lissafin a kasuwar baje koli na koye shi, kuma a ranar na yi kuskure biyu a aiki ɗaya. Lambar ta yi ƙanƙanta a kan bana, wato kyallen talla, mai tsawon mita biyu, sannan fayil ɗin ta WhatsApp na tura wa mai injin a matsayin hoto. WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, gefen gidajen ya dushe, da aka buɗa shi sai ya zama hazo. Yanzu SVG ko PDF nake saukewa, irin fayil ɗin da ko ka ja shi ya cika bango ba ya fashewa, kuma a matsayin dokumen nake turawa. In dole sai hoto, to PNG mai girma wanda zai ba da ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga. Kada kuma ka ja ta ta gefe ɗaya don ta cika wuri. Murabba'i ce, a bar ta murabba'i.

Ledar laminetin mai sheƙi tana mayar da hasken rana ko na kwan lantarki cikin kyamara, marar sheƙi ta fi. A kwalba mai zagaye, in lambar ta yi faɗi sai gefenta ya lanƙwashe ya ɓuya.

Akwai kuma abin da ba na inji ba ne, na mutane ne. Mutanenmu sun ga damfara iri-iri ta waya, kuma da gaskiyarsu in sun yi ɗari-ɗari da baƙin akwatin da bai faɗi inda zai kai su ba. Rubuta a ƙasa da Hausar da kowa zai gane: "Haska ka yi mana magana a WhatsApp", ko "Haska ki ga farashin kaya". Ka sa lambar waya a rubuce kusa da ita, saboda mai ƙaramar waya da wanda datarsa ta ƙare, su ma masu saye ne. In lambar ta biyan kuɗi ce, rubuta sunan asusun ɓaro-ɓaro, ka kuma gaya wa mai shago ya riƙa duba ta lokaci-lokaci, don ɓata-gari kan manna tasu a kan ta mutane. Inda take kaiwa ma ya zama mai sauƙin buɗewa. Na taɓa haɗa lamba da kundin kaya mai nauyin gaske, mutum ya tsaya a rana yana jira, sabis yana rawa, ya gaji ya mayar da waya aljihu. A bayan adaidaita sahu kuwa na daina yarda in sa ta. Wa zai bi abin hawa yana gudu da kyamara?

Yanzu a shagona akwai tsohuwar Itel mai tsagaggen gilashi a cikin durowa, da Tecno ta yaron shago, da tawa. Ba aikin da ke hawa inji sai an fara buga kwafi ɗaya a ainihin takardar, a ainihin girman, an manna shi a kan ainihin kwalbar ko kwalin, an fita da shi rana, an dawo da shi inuwa, wayoyin ukun duk sun buɗe shi. Daga nan sai mai kayan ya haska da hannunsa, ya ga sunansa ya fito, ya ce a buga.

Ita Hajiya, ni na sake buga mata sitikar da kuɗina, muka yi kwana uku da yarana muna ɓare tsofaffin daga kwalaben da suka rage a gidanta. Waɗanda suka riga suka tafi kuwa ba yadda za a yi a dawo da su, sai na biya shafin nan kuɗin shekara guda don lambar ta ci gaba da kaiwa wurinta har turaren ya ƙare a hannun mutane. Ba ta ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Ta ce, "Allah Ya kiyaye gaba, ɗana." Amma aikinta na gaba, na kwalayen sallah, wani shagon ta kai.